Katakon Darar Malam Dunoma

"To ki shimfiɗa tabarma ki kwana a ciki, Yaya Amna. In soron ya rufta ya haɗa da ke, kin ga mun huta da haƙa."

Shafi'i ke nan, ƙanin Amna, tsaye a tsakar gidansu na Kazaure, yana kaɗa makullin babur kamar mai kiran kaji. Amna ba ta ɗago ba. Wanke-wanke take yi wa uwarsu, Iya Zulaikha, tana ta dirzar tukunyar da ta riga ta fita tas. Ta ce masa ai bakinsa ya riga shi girma tun yana tatata, kuma ko bakin nan zai kai Daura, ba mai taɓa darar Baba. Ya ce ba dara ba ce ma, shaɗaranji ne, ita da ko sunan abu ba ta sani ba ta zama mai gadinsa. Ta ce ko sunansa Tanko ne, ba mai taɓawa. Iya na bakin ƙofar ɗakinta tana jan carbi, ta bar su da halinsu, don ta gaji da rabon faɗan nan tun farkon damina.

Ga yadda abin yake. Ubansu, marigayi Malam Dunoma, Babarbare ne, tsohon ma'aikacin En'e. An ce kakansa ya taso daga Kukawa lokacin da garin ya fashe, bai ɗauko komai ba sai mace ɗaya da jakar 'ya'yan dara, kuma masu tsegumi sun ce jakar ya fi riritawa a hanya. Farare na hauren giwa ne, baƙaƙe na zuciyar kanya, kowanne da zoben azurfa a gindi. Akwai dawakai, akwai giwaye, akwai sarki da ƙananan dakarunsa. Ba a kan katako ake yin ta ba. Wata jar fata ce mai gida-gida ake shimfiɗawa a ƙasan soron Malam, a jera su a kai. Duk ƙasar nan abokin wasansa ɗaya ne, wani Maikasuwa mutumin Roni. Yakan zo bayan la'asar, su zauna su sa fata a tsakiya, su yi tsuru kamar ungulu biyu a kan kuka, ba mai cewa uffan. Baƙo in ya leƙa sai ya ɗauka gaba suke yi.

Doka ɗaya ce a soron, kowa a gidan ya san ta har awaki: hannun da ya taɓa ɗan dara ya shiga wasa, kuma wanda ya shiga ba ya tashi sai an gama. Ko shara za a yi, sai dai tsintsiya ta zagaye.

A ƙarshen bazara, ana tsakar wasa, Malam Dunoma ya miƙe ya ɗauki buta. Amna ta kawo musu fura ke nan, tana bakin ƙofa. Ya dube ta ya ce, "Kada kowa ya taɓa. Ina zuwa." Ya zagaya baya. Can aka same shi a zaune, rai ya yi halinsa, buta a gefe, ko ruwan bai zube ba.

Shi Shafi'i cewa ya yi magana ce irin ta mai zuwa kama ruwa, ba wasiyya ba. So yake ya kwashe 'ya'yan a jaka, ya goge azurfar, ya kai wa ogansa a Dutse, wani mai son tara kayan da, ko a tuna da shi in an tashi ƙarin girma. Har hoton fatar ya ɗauka a waya, wai duk mai marmari ya sake jerawa. Ita kuwa Amna, a kunnenta aka faɗa, idonsa a cikin nata. Ta ce hoto ba ya jiran mutum. Abin da aka bari a ajiye, a ajiye mai shi zai same shi.

Da soron lafiya yake da ba a yi faɗa ba, sai a ja ƙofa a bar shi. To gara ta cinye azara, rufin ya yi ciki kamar mai wata tara, ga marka ta kama. Kullum Amna ta baro gidan mijinta da kwandon turaren wutar da take sayarwa, sai ta biyo ta leƙa. Garin ƙasa na zubowa daga sama, ya rufe taga, ya rufe butocin da ke lungu, amma a kan jar fatar nan ko ƙwaya ba ta sauka. Buzun Malam yana nan da lotsawar zamansa, kamar yanzu ya tashi. Kaji kan bi ko'ina a gidan har ƙarƙashin gadon Iya, amma a bakin soron sai su tsaya, su karkata kai, su juya. Ita kanta in ta shiga takan yi sallama ba tare da ta shirya ba, don ji take kamar ta katse wa mutane magana.

Dabara ta faɗo mata wata rana tana kallon Iya na zura faifai ƙarƙashin shanya don ta ɗauke ta gaba ɗaya. Katako take buƙata, shafal, mai faɗin fatar, wanda za a zura ta ƙasa a hankali ba tare da hannu ya taɓa ɗa ko ɗaya ba. Sai murfi mai auduga a ciki, ya sauko ya dafe kawunansu, a ɗauka a tafi ko'ina, kowa na gidansa.

Faɗa da baki. Kafintan bakin kasuwar Kazaure ya yi mata ɗaya da sabon katako, ruwa biyu ya sha danshi ya lanƙwashe kamar kwalekwale. Ta gwada babban farantin bikin Iya, kusurwoyin fata suka zubo waje. Aka ce mata 'yan Nijar na kawo akwatunan ƙarfe Babura, ta hau mota ta je, ta tarar duk masu leɓe ne, ba abin da za a zura. Ta dawo da ciwon baya da kwalin shayi. Mijinta ya ce tun da ya aure ta bai taɓa ganin ta nema masa ko maɓalli da irin wannan himma ba. Dela maƙwabciyar Iya kuwa, wadda ba a yin tari a unguwar ba ta ƙirga ba, ta baza cewa Amna ta fara hira da gumaka.

Daga nan ne ta ce bari ta je Roni ta ga Baba Maikasuwa, wanda tun ranar addu'ar bakwai bai sake taka Kazaure ba. Ta same shi kwance a rumfar ƙofar gida, ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Suka gaisa, ta durƙusa ta faɗi abin da ya kawo ta. A ranta tana fatan ya ce zai zo ya ƙarasa wasan shi kaɗai a tashi fata, kowa ya huta. Tsohon ya mai da ido kan gonar gyaɗar da ke tsallaken hanya.

"Ba ni ke da wasa ba, 'yata. Ni na yi nawa. Shi nake jira."

Ta ce Baba, ai Malam ya riga mu gidan gaskiya. Ya ce ya sani mana, a gabansa aka binne shi. Amma Dunoma bai taɓa cewa yana zuwa ya ƙi zuwa ba, sai dai jinkiri, don mutum ne mai dogon tunani a kan doki. Ya ce in ta samu abin ɗauka ta kawo masa fatar nan Roni, ya yi jiran a gida, tunda ƙafarsa ba ta kai Kazaure yanzu. Sannan ya kwatanta mata wani kafinta a Gwiwa, Muhammadu Lawal, wanda ba ya aiki da sabon itace, sai tsofaffin katakai da suka gama shan duniya.

Ranar kasuwar Gwiwa ta hau acaɓa ta je, da igiyar da ta auna fatar a ƙulle a bakin mayafi. Malam Lawal ɗan siriri ne mai furfura a gira. Ya saurare ta har ƙarshe bai yi dariya ba, abin da ya sa ta ji ya kwanta mata. Ya shiga can ƙuryar shago ya jawo wasu dogayen katakai na maɗaci, sun yi baƙi, sun yi sumul, ga su miƙe sambal. Ta ɗora tafin hannu, ta ji sanyi kamar randa, alhali rana na dukan kwanon shagon. Ta tambayi inda ya samo su.

"Na masallaci ne, Hajiya. An yi musu sabo na ƙarfe, suka ce in ɗauke wannan."

Amna ta ce alhamdulillahi, katakon masallaci ai albarka ne, wane katako ya fi shi dacewa da kayan Malam. A zatonta ƙofa ce ko taga. Ba ta tambaya ba, shi ma bai ƙara ba, ya sunkuyar da kai yana ta auna igiya. Ko ciniki bai tsaya ja ba, kuma kafintan da bai ja ciniki ba, mace mai wayo kan sake duba kayan. Ita murna ta rufe mata ido.

Kasuwa ta zagayo ta koma. Aiki ya yi kyau, ba ƙarya. Gindin shafal kamar allo, an fere bakinsa ɗaya don ya zuru, murfin da auduga a ciki an lulluɓe da farin yadi, ga maɗauri a gefe. Sai dai da zai miƙo mata, ba a hannu ya riƙo shi ba. A kafaɗa ya ɗauko, ya fito yana taku a hankali, bakinsa na motsi.

Ta ɗora shi a cinya a bayan ɗan acaɓa suka kamo hanya. Ba su yi nisa ba mutumin ya tsaya ya duba tayar baya, ya ce wallahi ji yake kamar mutum biyu ya ɗauko. Ta ce ya ji tsoron Allah, ita da ko tuwon kirki ba ta ci tun rasuwa. Suka ci gaba. A wani ƙauye, maza na zaune gindin darbejiya suna ɓare gyaɗa. Babur na zuwa daidai su, sai suka miƙe tsaye gaba ɗaya, hira ta mutu. Ta waiwaya ta gan su suna kallon juna, kamar kowa na tambayar ɗan'uwansa me ya tashe shi. A gaba wani mai jaki ya sauko ya ja gefe ya tsaya har suka wuce. A shigowa Kazaure, yara na ƙwallo a fili, suka bar ta ta gangara kwata, suka bi ta da ido.

Ga kuma ƙamshi. Amna turare ne sana'arta, ta gada wajen kakarta, in ka wuce ta za ta faɗa maka abin da ka shafa da inda ka saya. Wannan da ke tasowa daga katakon, wani abu ne kamar ganyen magarya da kafur. Hancinta ya san shi sarai. Zuciyarta ce ta ce ba ta sani ba, ta kau da kai tana kallon gonakin gero.

Ta tarar Iya ta tafi barka, Shafi'i bai dawo ba, hadari kuma ya haɗo ta gabas. Ta leƙa katanga ta kira Dela, don duk tsegumin Dela hannunta ba ya rawa. Dela ta ce ita fa ba ta shiga soron nan, sannan ta riga ta shiga. Suka durƙusa. Dela ta kama kusurwoyin fata biyu da farce, Amna ta sa bakin katako a ƙasa tana turawa kaɗan-kaɗan, numfashi ma a rabe take yin sa. Ta yi zaton za a sha fama. Ina. Fatar ta hau kamar da ma jira take, ko giwa ɗaya ba ta girgiza ba. Ta sauke murfi ta ɗaure. Ta ɗaga, ta ji nauyi ya sauko mata har ƙugu, amma ta ɗauku.

Suna fitowa tsakar gida suka ji wani dogon nishi a bayansu. Soron ne. Ba da ƙara ya faɗi ba, zama ya yi a hankali kamar tsoho mai ciwon gwiwa, ƙura ta fito ta ƙofa ta kwanta. Dela ta bar takalminta ɗaya a nan, ba ta dawo nemansa ba sai washegari.

Amna ta shigar da katakon ɗakin Iya ta ajiye a kan tabarma, ta zauna gefe, ranta fari. Ta cika umarni. Ba wanda ya taɓa.

Bayan la'asar Iya ta dawo. Ta ga soro a ƙasa ta yi salati, ta nufo ɗaki, sai ta ja ta tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. Iya Zulaikha ita ke wankan gawar mata a unguwar tun Amna na goye. Ta shaƙi iska sau ɗaya. Ta shigo ta tsuguna, ta bi gefen katakon da yatsa har ta kai wasu 'yan kwarmi inda igiya ta daɗe tana ci. Ta tambayi Amna daga ina, Amna ta faɗa mata har da albarkar masallaci. Iya ta goge yatsan a zane.

"Makara kika shigo mini da ita ɗaki, Amna."

Iskar hadari na kaɗa labule. Iya ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita ba malama ba ce, ba ta ce yana cikin littafi ba, amma tun tana yarinya ta ji tsofaffi na cewa makara in ta shiga gida ba ta fita wayam. Shi ya sa ake jingine ta a waje sai an gama shiri. Ta ce wannan maɗacin ya ɗauki mutanen Gwiwa ba adadi, ya san aikinsa, don an yanka shi an sa masa murfi ba zai manta ba.

Ana haka Shafi'i ya shigo yana karkaɗe yayyafi daga hula. Ya ji bayani ya yi dariya har da riƙe ƙofa. Ya ce to madalla, Yaya ta yi yawon ƙananan hukumomi huɗu ta sayo wa gida makara, saura likkafani. Ya ce abin ai mai sauƙi ne, a juye 'ya'yan a jaka, shi ya ɗauki katakon ya jefa a dam, kowa ya yi barci. Iya ta ce in ya juye su, da me makarar za ta fita? Ya ce Iya wannan camfi ne, ya durƙusa ya kama maɗauri. Amna ta riƙe masa hannu, ya fizge, ya ɗaga murfin.

Ga su nan, kowa a gidansa, azurfa na ɗaukar ɗan hasken da ya rage. Amna ta yi wata da watanni tana kallon jerin nan har ta haddace shi kamar tafin hannunta, don haka ita ta fara gani. Baƙin dokin Malam, wanda ke can baya kusa da sarki, ba ya nan. Yana gaba, a tsakiyar fararen, ya juyo da fuska.

Shafi'i ya ce girgiza ce wajen ɗauka. Ya zaro waya ya buɗe hoton, ya duba fata, ya duba hoto, ya sake dubawa. Duk sauran suna inda suke, ko karkata babu. Ya ce to ita ta matsar. Amna ta ce ita da ko sunan wasan ba ta sani ba, ina ta san inda doki ke zuwa. Shafi'i ya ƙura wa dokin ido. Shi Malam ya koya wa wasan yana yaro, kafin boko da babur su ɗauke masa hankali, kuma a fuskarsa ta ga cewa dokin ba gangarowa ya yi ba. Inda ya dace ya je.

Dariyar ta bar bakinsa. Ya ajiye wayar a ƙasa. A hankali ya gyara zama ya tanƙwashe ƙafa, kuma ta ɓangaren fararen ya zauna, inda Baba Maikasuwa kan zauna. Idonsa na kan fata, ya yi tsuru, irin tsurun nan da ta sani. Ta kira sunansa bai ji ba. Can ƙasa-ƙasa ya ce, kamar mai magana da wani a gabansa, ai in aka tare da giwa an tsira. Hannunsa na dama ya taso daga gwiwa ya nufi farar giwa.

"Shafi'i, janye hannunka," in ji Iya.

Bai janye ba. Saura kaɗan yatsa ya sauka Amna ta buge hannun, ta kifa murfin, ta ja maɗauri ta ƙulle. Ya ɗago a firgice kamar wanda aka tasa daga barci, sai kuma fushi ya zo. Ya ce wasa ɗaya kawai zai yi, ta buɗe, kayan ubansu ne su biyu, ba ta fi shi gado ba. Ya miƙe ya tare hanya. Ta ce ba da shi ake yi ba, mai wasan yana Roni yana jira, kuma ga shi Malam ya ba shi amsa. Iya ta ce ruwa zai sauko, ta bari sai da safe. Amna ta ce abin nan ba zai kwana a gidan da Shafi'i yake ba.

Ta naɗa gammo da mayafi, ta yi bisimilla ta ɗora katakon a ka, wuyanta ya nutse. Shafi'i ya miƙo hannu zai kama gefe, ta dube shi da irin kallon da take masa tun yana rarrafe, ta ture shi da kafaɗa ya dafa bango. Ta sunkuya ta fita, ta ratsa tsakar gida cikin yayyafi, ta wuce tarin ƙasar soro ba ta waiwaya ba. Yana biye yana kiran Yaya Amna, Yaya Amna, ki tsaya mu yi magana. Ta kai zaure, ta sa hannu ɗaya ta jawo ƙofar langa-langa, ta buga ta a fuskarsa garam.